Me ya sa ƙananan jirage ke yawan kifewa wajen sauka a filayen daji?

Wai shin me ke sa ƙaramin jirgi ya taso lafiya lau, ya ratsa tsaunuka da hadari na tsawon awa guda ba abin da ya same shi, sai ya zo sauka, abin da ya rage masa bai fi sakan 20 ba, a nan ne kuma zai kife ko ya zarce cikin itatuwa? Tambayar nan tana dawowa duk sanda irin bidiyoyin nan suka sake zagayowa a Facebook da TikTok, ka ga ɗan jirgi mai manyan tayoyi ya nufo wani ɗan fili a gefen kogi ko a kan tudu, ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle, hanci ya caki ƙasa, wutsiya ta yi sama. Ka leƙa komen ka sha kallo. Wani ya ce inji ne ya mutu, wani ya ce ai tsohon jirgi ne, wani ya ce gangancin Turawa ne kawai ƙoshi ya yi musu yawa, wani kuma ya rufe zancen da cewa kwana ne ya ƙare.

Kwana dai in ya ƙare ya ƙare ba mai musu, amma komai da sanadinsa, kuma sanadin da aka fi ambata ɗin nan, mutuwar inji, ba shi ne ke kan gaba ba a irin wannan hatsarin. In ka bi rahotannin hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, da alƙaluman da ƙungiyar masu ƙananan jirage ta AOPA ke fitarwa duk shekara, za ka ga abu biyu suna ta maimaituwa. Na farko, a duk matakan tafiya sauka ce ta fi yawan haɗurra a ƙananan jirage. Na biyu, yawancin haɗurran saukar ba a rasa rai, jirgi ne ke lotsewa mutane su fito da ƙafarsu. To abin da ya kamata mu gane shi ne me ke jawo yawan, kuma me ke raba wanda aka fito ana hamdala da wanda aka kwashi gawa.

Wane irin fili ake magana a kai

Ka cire filin Malam Aminu Kano ko na Abuja daga ranka. Can akwai kwalta ta fi kilomita 3, akwai hasumiya, akwai fitilu, akwai na'urar da ke nuna wa jirgi hanya ko da bai ganin ƙasa, ga 'yan kwana-kwana a tsaye. Filin daji kuwa wani ɗan tsiri ne da aka share a cikin kwari ko a kafaɗar tsauni, ciyawa ko tsakuwa ko jar ƙasa, wani mita 300 wani 600, wani ma ba a miƙe yake ba yana da gwiwa a tsakiya. Ba mai ba ka rahoton iska, in an yi sa'a akwai ɗan ƙyallen nan mai kama da safa a kan sanda, in babu sai ka duba yadda itatuwa ke kaɗawa ko yadda ruwan tafki ke motsi. Matuƙa ne ke sanar da juna ta rediyo, ga ni nan zan shigo, wa ke ciki.

Inda aka fi sanin wannan harka a Amurka shi ne jihar Idaho da Alaska. A tsakiyar Idaho akwai wani makeken daji da ake kira Frank Church, ya haura eka miliyan 2, ba titin mota a cikinsa, amma dokar da ta kafa shi a 1980 ta bar filayen jiragen da ke ciki su ci gaba da aiki. A Alaska kuwa sama da kashi 80 cikin 100 na garuruwa ba su haɗe da titin mota, jirgi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti. Sai Nepal, sai tsibirin Papua ɓangaren Indunusiya da ɓangaren Papua New Guinea, inda ƙauye da ƙauye tafiyar kwanaki ce a ƙafa amma 'yan mintoci a sama. Jiragen da ke wannan aiki sanannu ne, Piper Super Cub mai kujera 2, Cessna 185 da 206, Beaver, Caravan, Kodiak, da Twin Otter mai ɗaukar mutum 19. Wasunsu tsofaffi ne da gaske, Beaver tun 1947 ya fara tashi, amma tsufan jirgi ba irin na mota ba ne, inji yana da adadin awannin da ake sauke shi a sabunta shi.

Zafi da tudu suna sace wa jirgi ƙarfi

Jirgi iska yake takawa. Fiffike iska yake buƙata ya ɗauki nauyi, farfela iska take ja, inji iska yake shaƙa ya ƙona mai. Duk sanda ka hau sama iska na yin sirara, haka ma in ta yi zafi. To in aka haɗa biyun, fili a kan tudu kuma rana ta take, sai jirgi ya riƙa ji kamar yana wani tsayi da ya wuce inda yake nesa ba kusa ba.

Matuƙa suna da ɗan lissafinsu na ka. A bakin teku ana ɗaukar digiri 15 a matsayin daidai, kuma duk ƙafa 1,000 da ka hau ana rage kusan digiri 2. Duk digiri 1 da zafin ranar ya ɗara wannan ma'aunin, sai ka ƙara ƙafa 120 a kan tsayin filin. Ɗauki filin Johnson Creek na Idaho, wanda masu sha'awar harkar ke tururuwa zuwa, yana kusan ƙafa 5,000, daidai ɗinsa kenan digiri 5. Ranar da zafi ya kai 30 an samu rarar 25, ka ninka da 120, ƙafa 3,000 kenan, jirgin yana ji kamar yana ƙafa 8,000. Injin fistin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana asarar wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000, ka ga kusan kwata ya tafi tun ba a yi komai ba.

Abin da ke yaudara a nan shi ne agogon gudu. Shi ƙarfin iskar da ke bugunsa yake aunawa, saboda haka zai nuna maka lambar da ka saba gani kullum, alhali a zahiri kana keta ƙasa da gudun da ya fi haka, kusan kashi 2 cikin 100 a duk ƙafa 1,000. Matuƙi bai yi kuskure ba, lambarsa daidai take, amma ya taɓa ƙasa da gudu fiye da na gida, birki zai daɗe bai tsayar da shi ba, in kuma ya ce zai fasa ya sake tashi injin ba shi da ƙarfin da ya saba ba shi. Shi ya sa tsofaffin hannu a Idaho suke sammako, kafin hantsi ya dubi ludayi sun gama shige da ficensu sun ɗaure jirgi, don in rana ta ɗaga ban da siraran iska ga kuma guguwar kwari da ke tasowa tana wujijjiga ƙaramin jirgi.

Ɗan ƙarin gudu, ɗan iskar baya

Nan ne lissafin ke ba mutane mamaki. Nisan da jirgi ke ci kafin ya tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 a gudun sauka, nisan zai ƙaru da kusan kashi 20. Kuma ƙarin gudun nan daga tsoro yake zuwa, mutum ya ga itatuwa a gabansa ga duwatsu hagu da dama, sai ya ce bari in ɗan ƙara don kar fiffike ya saki, to sai ya iso kan filin jirgi ya ƙi zama, ya yi ta shawagi a saman ciyawa taku ɗaya biyu daga ƙasa, fili yana ta ƙarewa a ƙarƙashinsa.

Bari mu ɗauki Cessna 172, jirgin da aka fi ƙerawa a tarihi, wanda kusan kowane ɗalibi ya san shi. Littafin kamfanin ya ce a bakin teku, kan busasshiyar kwalta, in ka tsallako shingen da ya kai ƙafa 50 kana buƙatar kusan mita 400 ka tsaya cak, a ciki kusan 175 gudu ne a ƙasa. Littafin dai ya ce in busasshiyar ciyawa ce ka ƙara kashi 45 cikin 100 na gudun ƙasan, mun doshi 490 kenan. Ya kuma ce duk iskar baya ta kusan kilomita 4 a awa ka ƙara kashi 10, to iskar kilomita 11 a awa wadda ko hularka ba za ta cire ba ta ƙara kashi 30, mun wuce 630. Ka ɗora ɗan ƙarin gudun tsoron nan, ka doshi 760. Daga 400 fa, kuma ban sa tudu ba, ban sa zafi ba, ban sa raɓar safiya da ke mai da ciyawa santsi ba. Sannan ka tuna lambar littafin matuƙin gwaji na kamfani ne ya samo ta da sabon jirgi, shi ya sa masu koyarwa ke cewa ka ƙara rabi a kan duk abin da littafi ya ce.

Abin haushin shi ne iskar gaba ba ta rama maka da irin wannan karamcin, sai ta kai wajen kilomita 17 a awa kafin ta rage maka kashi 10.

Ƙasar kanta da tayoyin

Yawancin bidiyoyin kifewa da ake yaɗawa jirage ne masu manyan tayoyi 2 a gaba da 'yar ƙarama a wutsiya. An fi son su a daji don farfela tana nesa da tsakuwa kuma ba siririyar ƙafar hanci da rami zai karya. Amma suna da halinsu. Nauyin jirgin yana bayan manyan tayoyin, to da zarar wutsiya ta ɗan goce gefe, nauyin nan so yake ya zagayo gaba, in matuƙi bai tare da ƙafa nan take ba sai jirgin ya juya kamar ya yi rawa, fiffike ya daki ƙasa. Na biyu kuma birki. Duk wanda ya taɓa tura baro cike da kaya da gudu tayar ta ci karo da dutse ya san abin da ke biyo baya, tayar ta tsaya, kayan ba su tsaya ba. Haka jirgin nan yake in an danne birki da ƙarfi, ko tayoyin suka faɗa laka ko yashi mai laushi ko ramin da wata dabba ta tona jiya da daddare, sai hanci ƙasa wutsiya sama, wani lokacin har ya kwanta rigingine.

Irin wannan shi ne mai yawa, kuma shi ne galibi ake fitowa da rai, in dai an ɗaura bel na kafaɗa.

Akwai kuma yaudarar ido. Filin da ya yi hawa, ko siriri sosai, yana sa matuƙi ya ga kamar ya yi sama da yawa, sai ya sauko ƙasa-ƙasa ya daki bakin filin ko kan itatuwa. Ga dabbobi, barewa a Amurka, shanu da awaki a Afirka, aladu da yara a Papua.

Filin da ba a fasa sauka

Wannan shi ne asalin bambancin filin daji da na gari, kuma a ganina duk wanda bai gane shi ba bai gane komai ba a maganar. A makarantar tuƙi abin da ake cusa wa ɗalibi tun ranar farko shi ne in saukar ba ta yi maka ba ka ba ta wuta ka tashi ka sake zagayowa, ba abin kunya ba ne. Wannan ɗabi'ar ta ceci rayuka ba adadi. To amma filayen daji da yawa ƙofa ɗaya gare su, ta inda ka shiga ta nan za ka fito, ɗaya ƙarshen tsauni ne a tsaye. Akwai wani wuri a kan hanyar shigowa, wani lokacin tun kana nesa da filin da kilomita guda ko fiye, wanda in ka wuce shi babu sauran juyawa, kwarin ya matse, jirgin ba zai iya hawan da zai tsallake abin da ke gabansa ba. Daga nan sauka ta zama dole, ko ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Lukla ta Nepal ita ce misalin da duniya ta sani, ƙofar masu zuwa tsaunin Everest. Edmund Hillary, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara hawa ƙolin Everest, shi ne ya jagoranci gina filin a 1964, ba a sa masa kwalta ba sai 2001. Tsawonsa mita 527, yana sama da teku da mita 2,800 da 'yan kai, kuma kwance yake a gangare na kusan kashi 12 cikin 100. Ana sauka ana hawan tudun don ya taya birki, ana tashi ana gangarowa. Ƙarshensa na sama katanga ce da tsauni, na ƙasa kuma rami ne zuwa kwarin kogin Dudh Koshi. Ranar 8 ga Oktoban 2008 wani Twin Otter na kamfanin Yeti ya shigo hazo ya rufe bakin filin, ya yi ƙasa da yawa ya daki gaɓar kafin titin ya kama da wuta, mutum 18 cikin 19 suka rasu, 12 daga ciki Jamusawa, kyaftin ɗin kaɗai ya tsira. Ranar 27 ga Mayun 2017 kuma jirgin kaya samfurin Let 410 ya rasa ganin filin a cikin hazo, ya sauko ƙasa da inda ya kamata, da suka farga suka yi ƙoƙarin ɗagowa gudu ya riga ya zube, ya taɓa itace ya faɗi ƙasa da bakin titin, matuƙan biyu suka rasu, ma'aikaciyar jirgin ta rayu. Ka lura a duka biyun ba maganar inji, magana ce ta shiga ƙofar da ba a fitowa alhali ba a ganin gaba.

Yanzu ga abin da ke kashe mutane a ƙananan filayen Idaho da Alaska. Mutum ya shigo da gudu, ya yi shawagi, ya cinye rabin fili bai taɓa ƙasa ba, gabansa ya faɗi, sai tarbiyyar makaranta ta motsa, ya danna wuta zai tashi. Inji ba ƙarfi saboda siraran iska, ga kaya, ga itatuwa suna tahowa, sai ya ja hanci sama fiye da kima, fiffike ya daina ɗaukar jirgin, ya rikito daga tsayin bishiya da cikakkiyar wuta. Da ya haƙura ya dasa tayoyi a ƙasa ya taka birki ya shiga cikin ƙananan itatuwan ƙarshen fili da gudun kilomita 30 a awa, da jirgi kawai ya yi asara. Ƙarfin karo a kilomita 100 ya ninka na kilomita 30 sau 11. Masu koyar da tuƙin tsauni suna nanata wannan ga ɗalibansu, ka yanke shawara tun kana sama inda za ka fasa, in ka wuce wurin to ka yarda ka lalata jirgin a hankali. Faɗa da baki da sauƙi, amma mutum ya ga jirgin da ya tara kuɗin shekaru ya saya zai shiga daji da hannunsa, ba kowa ke iya danne zuciya ba.

Laifin matuƙi ne ko na wanda ya tura shi

Rahoto yakan ƙare da cewa matuƙi ya kasa kaza, ya yanke shawarar kaza. Gaskiya ne, amma kashi biyu ne masu shiga filayen nan kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Akwai masu nishaɗi, mutum yana da jirginsa, ya kalli bidiyon gasar gajeren sauka da ake yi a garin Valdez na Alaska inda ake tsayar da jirgi a ƙasa da mita 5, ya sayi manyan tayoyi ya ce shi ma ya iso. Abin da bidiyon ba ya nuna masa shi ne jiragen gasar an rage musu nauyi har ƙashi, mai kaɗan ne a tanki, filin a bakin teku yake ga iskar gaba, kuma masu yin sun shekara suna maimaita abu ɗaya. Shi kuma ya ɗauko aboki da tanti da kular abinci ya nufi fili a ƙafa 6,000 da azahar. Waɗannan kam ban da wani uzurin da zan ba su, kuma kyamarar da ke manne a fiffike tana ƙara zuga mutum ya ƙi fasawa.

Akwai kuma masu neman abinci, matuƙin da kamfani ya ba shi sawu 4 ko 5 kafin gajimare ya rufe, fasinjoji sun kwana biyu suna jira suna zage-zage, wani wurin ma albashi yana tafiya ne da awannin da aka tashi. A Lukla in yanayi ya ɓaci mutane sukan taru da ɗaruruwa har dubbai, da an ga 'yar kafa sai kowa ya rugo. A nan in ka ce laifin matuƙi ne ka tsaya, ka bar jaki kana dukan taiki. Hukumar jiragen Nepal ta sa sharaɗi cewa kafin ka ja jirgi zuwa Lukla sai ka yi sawu 100 a gajerun filaye, da shekara guda kana irin aikin a ƙasar, da sauka 10 a Luklan tare da malami, duk da haka Tarayyar Turai ta hana duk kamfanonin jiragen Nepal shiga samaniyarta tun 2013, kuma ƙorafinta a kan sa ido ne na hukuma ba a kan ƙwarewar mutum ɗaya ba.

Takaddamar da ake yi

A Amurka masu rajin kare daji suna cewa a rufe wasu filayen, hayaniya ta yi yawa, wurin da aka keɓe don shiru ya zama dandalin gwada bajinta, kuma in an yi hatsari kuɗin jama'a ake kashewa wajen ceto. Matuƙa da ƙungiyoyinsu suna cewa filayen nan su ne mafaka in inji ya samu matsala, da su ake kashe gobarar daji da kwaso marasa lafiya da kai wasiƙu, kuma filin da aka daina gyarawa ya fi haɗari don mutane ba za su daina sauka ba. An daɗe ana wannan ja-in-ja da hukumar gandun daji a kan wasu ƙananan filaye 4 na yankin Big Creek a Idaho.

Wata shari'ar ma ta fi ban sha'awa. Al'adar matuƙan daji ce kafin ka sauka a wurin da ba ka sani ba ka bi ta kansa ƙasa-ƙasa ka duba rami da dutse da laka, in bai yi maka ba ka wuce. Wani sanannen mai bidiyon YouTube, Trent Palmer, ya yi haka a 2019 kusa da Reno ta jihar Nevada a filin wani abokinsa, ya ga bai yi ba ya tafi, maƙwabci ya kai ƙara da hoton kyamara. Doka ta ce kar ka kusanci mutum ko gini ƙasa da ƙafa 500 sai in tashi ko sauka ta sa dole. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ce ya karya doka, aka dakatar da lasisinsa kwana 120, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2024. Matuƙa suka ce to kun ga, yanzu kun koya wa mutane cewa in ka duba ka fasa za a hukunta ka, in ka sauka ko da ganganci ne ka tsira daga doka. Hukuma kuma ta ce wurin bai dace da sauka ba tun farko kuma ya matsi gidajen mutane. Ni dai ina ganin duk hukuncin da zai sa mutum ya yi nauyin fasawa akwai gyara a cikinsa, ko da shi Palmer ɗin bai kyauta wa maƙwabtan ba.

Talaka fa, da mu nan

Mai nishaɗi in ya fasa ya koma gida ya sha shayi. Mutumin ƙauyen Alaska ko Papua shi ne ke biyan kuɗin kowane hatsari, inshora ta tashi, kuɗin kujera da na buhun shinkafa ya tashi, in kamfani ya ce ya daina zuwa filin kaza mai naƙuda ta koma kafaɗar 'yan uwa a kan hanyar tsauni. Shi ya sa abin da ya fi taimakawa ba rufe fili ba ne, ƙananan gyare-gyare ne marasa armashi. A Alaska hukuma ta kafa kyamarori a mashigin tsaunuka da filaye, matuƙi ya duba a intanet ya ga yanayin da idonsa kafin ya tashi. Ƙungiyoyin mishan irin su MAF suna da takardar kowane fili, tsawonsa, gangarensa, wurin fasawa, ƙarfe nawa iska ke juyawa, kuma sai sun ɗora kowane fasinja da kayansa a sikeli. A Nepal lokacin cunkoso ana mai da tashin Lukla zuwa filin Ramechhap, fasinja ya sha tafiyar mota ta awa 4 zuwa 5 cikin dare daga Kathmandu don a samu tashin sassafe.

Mu ba mu da tsaunukan Nepal, amma muna da zafi, kuma lissafin nan bai san ƙasa ba. Filin Kano yana wajen ƙafa 1,500 da ɗoriya, ranar da aka buga digiri 40 a watan Afrilu jirgi yana ji kamar yana dab da ƙafa 5,000, wato ya ɗara tsayin filin Jos. A doguwar kwalta ba a damu ba, amma a ɗan filin jar ƙasa irin wanda ƙananan jiragen mishan ke sauka a Galmi ta Nijar, ko filayen da jiragen agaji ke amfani da su a Chadi da Sudan, wannan lissafin kullum sai an yi shi. Ga hazon hunturu da ke shafe ƙasa, ga damina da ke mai da fili taɓo cikin dare ɗaya. Kuma in Allah Ya sa ka samu kanka a irin jirgin nan, aka ce ka hau sikeli ko ka bar jaka ɗaya, ko matuƙi ya leƙa fili ya juya da ku, kar ka ce masa ranka ya daɗe daure ka gwada muna sauri, manyan mutane masu shatar jirgi sun fi kowa wannan halin.

Abu na ƙarshe da ke raba filin daji da na gari shi ne bayan an faɗi wa zai zo. Raunin da a birni minti 20 ya isa a kai ka asibiti, a daji kwana za ka yi da shi. A Maris ɗin 2008 wani Beechcraft 1900 da ya taso daga Legas zuwa ƙaramin filin Bebi kusa da Obudu ya ɓace da ma'aikata 3, ba a ga tarkacensa ba sai bayan fiye da wata 5, mafarauta ne ma suka ci karo da shi a tsaunukan Kuros Riba. Jirage suna ɗauke da wata 'yar na'ura da ke fara kuka da kanta in an yi karo, sabuwar mai zango 406 tana aika lambar jirgin kai tsaye zuwa tauraron ɗan'adam, in an haɗa ta da GPS har da inda yake. Tsohuwar mai zango 121.5 kuwa tun Fabrairun 2009 taurarin suka daina sauraronta, jirgin da har yau ita kaɗai gare shi sai dai in wani jirgin ya gifta ta sama rediyonsa a kunne a wannan zangon.